Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwanin Hawan Ingarma

A wannan fitowa ta mujallar makarantarmu na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin wani bawan Allah wanda ya yi suna a kan abin da yawancinmu samarin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muke sha'awa, watau hawan doki. Wannan mutum kuwa shi ne marigayi Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo. Kada wani ya ce don me Bakano zai tsallake sarakunan garinsu ya tafi har Katsina neman gwani. Dalili shi ne, in dai ana zancen sarrafa doki mai kafiya, wanda yake da ra'ayin kansa, to, sunan Nagogo ne kan fara zuwa bakin manya, a Kano ne ko a Kaduna ko a Ikko. Mu kuwa da muke ganin yadda ake hawa a titunan unguwarmu yau, muna da bukatar mu san yadda gwanayen da suka yi nasu hawan.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Usman a birnin Katsina cikin shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Durɓi. Shekara guda bayan haihuwarsa, watau 1906, Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero, na gidan Dallazawa, suka ɗora Dikko a gadon sarauta. Ke nan Usman ya buɗe ido ne ya tsinci kansa a gidan sarki, inda barga take cike da ingarmu, ga zagage, ga masu yankan ciyawa, ga masu ɗinkin sirdi. A irin wannan gida yaro yakan san turke da ragama da majayi tun yana ɗan ƙarami, kamar yadda ɗan masunci kan san koma da kwalekwale.

Ya yi karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta Lardi a nan Katsina. A shekarar 1921, yana ɗan shekara goma sha shida, mahaifinsa ya tafi da shi wata doguwar tafiya. Suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, inda suka gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar, daga can kuma suka wuce Makka suka sauke farali. A wancan zamani sarki mai ci ya bar ƙasarsa ya ƙetare teku abu ne da ba a saba gani ba. Wannan tafiya ta buɗe wa yaron ido ƙwarai, ta kuma zama mafarin abin da ya sa sunansa ya game ƙasa.

Yadda ƙwallon dawaki ya zo Katsina

Wasan ƙwallon dawaki, wanda ake kira folo, tsohon wasa ne na ƙasar Farisa. Sojojin Ingila sun koye shi ne a Indiya, suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mallaka. A Nijeriya an fara buga shi a Ikko cikin 1904, daga nan ya hauro Arewa tare da hafsoshin soja da ma'aikatan mulki. Da farko wasan Turawa ne su kaɗai, namu dai su riƙe musu dawaki su yi kallo. Sarki Dikko, da yake shi ma ma'abocin doki ne, ya ga babu dalilin da zai sa jikokin mayaƙan da suka yi rayuwarsu a kan sirdi su tsaya a bakin fili. Bayan komowarsa daga Ingila, a farkon shekarun 1920, ya sa aka share fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaran gidansa suka shiga koyo. Usman yana cikinsu, kuma ba a daɗe ba ya yi musu zarra.

Bari in ɗan bayyana yadda wasan yake, domin sai an san wuyar abu akan san darajar gwaninsa. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Tsawon filin yadi 300 ne, faɗinsa kuwa yakan kama daga yadi 160 zuwa 200, watau ya ninka filin ƙwallon ƙafa na makarantarmu sau da yawa. Tsakanin sandunan raga yadi 8 ne. Ƙwallon kansa bai wuce girman lemon zaƙi ba. Akan buga shi da doguwar sanda mai kan itace, kuma doka ce a riƙe ta da hannun dama. Hannun hagu shi kaɗai ke riƙe da linzami. Akan kasa wasan kashi-kashi, kowane kashi minti 7, in an gama kuma sai mahayi ya sauya doki, domin babu dabbar da za ta jure irin wannan gudu da juyi ba hutawa.

To, jama'a, ku duba. Hannu ɗaya yana ga sanda. Ido yana ga ƙwallo da abokan hamayya. Doki yana sukuwa, wani dokin kuma yana gogarsa kafaɗa da kafaɗa don ya ture shi daga kan hanyar ƙwallo. A cikin wannan hali ake so doki ya tsaya cak, ya juya, ya sake zabura, duk cikin ƙiftawar ido. Mahayin da yake faɗa da dokinsa ba zai ko ga ƙwallon ba, balle ya taɓa shi.

Halin doki

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi dabbar da kanta. Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage. Tun daga wancan lokaci Bahaushe ya fi son hawan ingarma, watau namijin da ba a dandaƙe ba, ya bar goɗiya ga haihuwa. Ingarma kuwa kowa ya san shi da zafin zuciya. Yana da cizo, yana da harbi, yana da tutsu, in ya hangi wani namijin sai ya nemi faɗa, in ya ƙi hanya kuma sai ya turje ko ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya tsufa cikin kiwon dawaki. Nakan je wurinsa ranar Asabar in taya shi ba su dusa da harawa, shi kuma yana nuna mini abubuwa. Daga baya na tarar abin da ya koya mini ya zo daidai da abin da ke cikin littattafan kimiyyar dabbobi na ɗakin karatunmu. Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, doki dabba ce da Allah ya halitta da gudun abin tsoro, ba da farauta ba. Idanunsa suna gefen kai, saboda haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai dai ba ya ganin abin da ke daidai bayansa da wanda ke dab da goshinsa. Shi ya sa wanda ya zo masa ta baya ba sallama yakan sha harbi. Sau da yawa abin da muke kira taurin kai tsoro ne kawai: leda ce iska ta ɗauko, ko ƙarar babur, ko wani rami da shi ya gani mahayi bai gani ba.

Na biyu, doki yana magana, da kunne da wutsiya da numfashi. In ya miƙa kunnuwa gaba, hankalinsa na kan abin da ke gabansa. In ya juyo da ɗaya baya, yana sauraron mahayinsa. In ya kwantar da su duka biyu suka manne da wuya, to, ransa ya ɓaci, sai a yi hattara.

Na uku, a cikin bakinsa akwai wani fili da babu haƙori, tsakanin na gaba da turame, nan ne ƙarfen linzami yake zama a kan dasashi. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai, taɓawa kaɗan ta isa. Mai fizgarsa kullum yakan fasa bakin dabba, in wurin ya warke ya yi kanta, daga nan doki ya daina jin linzami sam. Yawancin dawakin da ake cewa sun gagara, hannun mutum ne ya gagarar da su.

Na huɗu, doki ba ya mantuwa. Inda aka taɓa dukansa, ko bayan shekara ya zo wurin sai ya yi turjiya. Haka kuma wanda ya saba kyautata masa yakan gane takunsa tun daga nesa ya yi masa haniniya.

Abin mamaki shi ne, wannan doki mai zuciya shi ne wanda gwanaye suke nema. Dokin da ba shi da ra'ayi, wanda aka kashe wa zuciya da bulala, ba zai kutsa cikin turmutsitsi ba, ba zai sa kafaɗa ya ture wanda ya fi shi girma ba. Mai zuciyar ne in ya yarda da mahayinsa yakan koyi wasan har ya riƙa bin ƙwallo da kansa. Aikin mahayi shi ne ya mai da wannan kafiya ta zama tasu su biyu, ba ya karya ta ba.

Gwanintar Nagogo

Wannan ita ce makarantar da Usman ya shiga, kuma ya fito da sakamakon da har yau ake ambato. A wasan folo akwai ma'auni da ake auna kowane ɗan wasa da shi. Akan fara daga lamba 2 ƙasa da sifiri, a hau har zuwa 10. Masu ba da lambar sukan duba iya hawa, da iya bugu, da sanin dokokin wasa, da haɗa kai da abokai. Galibin masu wasa a duniya sukan tsufa ba su wuce 2 ba. Masu 10 kuwa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu mutanen ƙasar Ajantina. Usman Nagogo ya kai lamba 7, kuma masana tarihin wasan a ƙasar nan suna lissafa shi a matsayin wanda babu ɗan Nijeriyar da ya kai shi.

Mu tuna kuma, a zamanin ƙuruciyarsa ba a fara shigo da manyan dawakin Ajantina da ake gani a filayen folo yanzu ba. Da dawakin ƙasar nan ake wasa, irin waɗanda ake saye a kasuwanninmu da na maƙwabta. Kuma tun da yake akan sauya doki bayan kowane kashi, ba halin doki ɗaya ɗan wasa zai sani ba. Wannan mai saurin fushi ne, sai an lallaɓa shi. Wancan mai nawa ne, sai an zaburar da shi. Wani yana tsoron sanda ta hagunsa, wani ba ya son a matse shi da ƙafa. Mahayi ya sauka daga kan wannan ya hau wancan, nan take kuma ya sauya hannunsa da zamansa. Duk wanda ya kai lamba 7 a cikin irin wannan hali, ba ƙarfin damtse ne ya kai shi ba, sani ne da natsuwa da yawan zama da dabbobinsa.

A Kaduna akwai wani tsohon kofin azurfa da ake kira Georgian, wanda aka fara gasa a kansa a 1919, shi ne kuma mafi daraja a wasan folo na ƙasar nan. Ƙungiyar Katsina, da Nagogo a cikinta, ta ɗauke shi sau da dama, a zamanin da abokan karawarta hafsoshin Turawa ne waɗanda su suka kawo wasan. Ku yi tunanin yadda zuciyar talakan da ke kallo a bakin fili take yi sa'ad da ya ga ɗan ƙasarsa ya fi mai mulkinsa iya abin da mai mulkin ya zo da shi. Daga baya aka ba shi shugabancin ƙungiyar folo ta Nijeriya har iyakar ransa.

Aiki da sarauta

Kada a zaci wasa kaɗai ya iya. A 1929 mahaifinsa ya ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, sai aka naɗa Usman Sarkin Katsina, yana da shekara 39.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, dubban samarin Arewa suna can dazukan Bama suna fafatawa da sojan Japan. Sabon sarki bai zauna gida ba, ya tafi Indiya da Bama ya gaishe su, ya ƙarfafa musu guiwa, suka ga sarkinsu ido da ido a inda ba su taɓa tsammani ba. A 1952, sa'ad da aka kafa majalisar ministoci ta tsakiya a Ikko, yana cikin mutum huɗu da suka wakilci Arewa, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Kashim Ibrahim. Daga bisani Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma wadda ta sa ake kiransa Sa Usman.

Sarautarsa ta ratsa zamani iri-iri. Ya yi aiki da Razdan da Di'o, ya ga samun mulkin kai a 1960, ya ga juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, ya ga an karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun sarakuna, ya ga Katsina ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, har ya ga komowar mulkin farar hula a 1979. A cikin waɗannan shekaru an tuɓe sarakuna da dama, wasu kuma sun yi murabus. Shi kuwa ya zauna daram shekara 37. A ganina, mutumin da ya saba sanin lokacin da ake jan linzami da lokacin da ake sassauta shi, ba abin mamaki ba ne in ya iya zama da jama'a da mahukunta iri-iri.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah ya yi masa rasuwa ran 18 ga watan Maris, 1981. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, ya yi sarauta har 2008, sa'an nan jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sarki Kabir ɗan folo ne, haka kuma ɗan'uwansa Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya rasu a 1995. Filin folo na Katsina sunan Nagogo yake ɗauke da shi.

Mu da dawakinmu

Yanzu bari mu komo gida. Duk wanda ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda yammacin Asabar da Lahadi suke, balle in ana biki ko an kusa salla. Samari sukan yi hayar dawaki su fito kilisa ko hawan angwanci, su biyo ta Court Road su faɗa Titin Zariya ko Titin Gidan Zu, inda motoci da babura masu ƙafa uku suke kai da kawowa. Asalin kilisa kuwa fita ce da doki a hankali don ya motsa jini ya sha iska. Yau ta koma tsere a kan kwalta. Dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, kwalta tana cin kofato, tana da santsi, mai sukuwa a kanta da ransa da na dabbar yake caca.

Da idona na ga wani saurayi ya hau wani akawali da bai taɓa gani ba sai ran nan. Dokin ya kwantar da kunne tun a bakin turke, bai kula ba. Da aka yi masa ƙaho a baya ya razana, shi kuwa maimakon ya kwantar masa da hankali sai ya haɗa masa bulala da ƙaimi, yana kuma fizgar linzami. Dabba ta rasa abin da ake nufi, a tafi ne ko a tsaya, sai ta ɗauke shi a guje, ta yi fatali da tiren wata yarinya mai tallan gyaɗa, ta watsar da shi a bakin kwata. Allah ya kiyaye, yarinyar ba ta ji ciwo ba, shi kuwa ya samu karaya a hannu. Jama'a suka taru suna zagin doki. Ni dai ban ga laifin doki ba. Irin wannan ne ya sa lokaci-lokaci hukuma takan hana kilisa a cikin gari, laifin 'yan kaɗan ya shafi kowa. In muka ci gaba a haka, wata rana da hannunmu za mu kashe al'adar da kakanninmu suka riƙe shekaru ɗaruruwa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar hawa, kafin ka ɗora ƙafa a likkafa ka fara zama a barga. Ka share masa wuri, ka ba shi ruwa, ka goge masa jiki, ka san abin da yake tsoro. Ka koyi tafiya da tsayawa a fili kafin ka yi mafarkin sukuwa da zamiya. Ka duba majayi da kanka. In ya turje, ka nemi dalili kafin ka nemi bulala. Kada ka hau dokin zuciya alhali kana kan dokin gaske, domin biyu ba su hawuwa lokaci guda.

Iyayenmu kuma, don Allah kada ku ba yaro kuɗin hayar doki ku juya baya. Ku tambayi wa zai koya masa, a ina kuma zai hau. In da hali ku kai shi wurin dattawan da suka san dabba, ko ku kai shi filin folo ko filin sukuwa na nan Kano ya ga yadda masu sani suke yi. Sarki Dikko bai hana 'ya'yansa hawa ba, fili ya share musu ya sa aka koya musu, shi ya sa aka sami Nagogo.

Allah ya jiƙan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan. Mu kuma Allah ya ba mu haƙuri da tausayin dabbobin da ya hore mana, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke gabanmu, amin.